Salansar Kawu da Tsumman Baba

Mu uku ne muka haɗa kai muka rubuto wannan takarda, dukkanmu 'ya'yan mutum ɗaya, mazauna Aboabo a birnin Kumasi, kuma sana'armu walda. Mun daɗe muna ja-in-ja a tsakaninmu a kan ko ya dace mu fito da wannan labari fili, domin akwai abin kunya a cikinsa, kunyar kuwa tamu ce. Abin da ya sa muka yarda mu faɗa shi ne, a 'yan shekarun nan ƙananan injunan walda sun yawaita a unguwanninmu na Zango. Duk saurayin da ɗan'uwansa ya aiko masa da inji daga Turai, sai ka ga ya kafa shi a ƙofar gida ya shiga liƙe wa mutane salansa. Mu ma haka muka fara, kuma saura ƙiris mu yi jana'izar mutum biyar 'yan gidanmu a rana ɗaya.

Mahaifinmu ya yi sama da shekara 30 yana walda a Suame Magazin. 'Yan'uwanmu na Akra da Tamale da Bawku da ba su taɓa leƙawa ba, wuri ne da ya kai gari guda, cike da makanikai da masu walda da masu sayar da kayan mota, yana kuma cikin irinsa mafiya girma a duk Afirka. Sunan Magazin ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, wadda masu sana'ar farko suka taru kusa da ita a shekarun 1930. Shi Baba da kabaid yake aiki. Akan jefa dutsen kabaid cikin ruwa ya ba da gas, a haɗa shi da oksijin, sai a sami harshen wuta mai zafin da ya wuce digiri 3,000. Hannu ɗaya riƙe da wuta, ɗaya riƙe da waya, haka yake bin ƙarfe a hankali kamar mai ɗinkin hula. Yawancin abincin gidanmu daga salansa ya fito, ta tasi da ta trotro, domin hanyoyinmu ba sa barin ƙasan mota ya zauna lafiya.

Akwai wani tsohon tsumma da ba ya rabuwa da aljihun bayan wandonsa. Duk lokacin da ya gama aiki, sai ya ce wa direba ya tayar da mota, ya dunƙule tsumman ya toshe bakin salansa, sa'an nan ya durƙusa ya kara kunne yana bin bututun daga baya har gaba. Muna yara mukan yi dariya, mu ce Baba na sauraren cikin mota kamar ungozoma. Bai taɓa tanka mana ba. A lokacin dumsor kuwa, musamman 2014 da 2015, da masu walda da lantarki suka riƙa wuni a zaune suna korar ƙuda, shi aikinsa bai tsaya ba, domin kabaid ba ruwansa da Akosombo. Wannan ya ƙara masa raina duk wata walda mai bukatar a jona ta a bango. A 2016 idonsa ya yi rauni, ga tari ya matsa masa, sai ya ajiye aiki ya dawo gida, rumfarsa kuma ta koma hannun wani.

A 2019 ɗan goggonmu da ke zaune a Hambug ta ƙasar Jamus ya sako mana wani injin walda na hannu cikin kwantena, aka sauke shi a Tema. Irin wanda ake kira MIG ne. Ga wanda bai san shi ba, a cikinsa akwai ƙulli na siririyar waya kamar zaren ɗinki. Idan ka danna maɓallin da ke jikin bindigar walda, sai injin ya riƙa turo wayar da kansa, lantarki na narkar da ita a kan ƙarfe, a lokaci guda kuma gas na fitowa daga tukunya yana lulluɓe wurin don kada iska ta taɓa narkakken ƙarfen. Iska ita ce babbar abokiyar gabar walda, in ta shiga sai ɗinkin ya yi ƙananan ramuka.

Mun ɗauka sabon abu ne, ashe ya girmi Baba. A shekarar 1948 aka fito da wannan hanya a cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohayo a Amurka, kuma da farko alminiyam ake liƙewa da ita, domin gas ɗin yana da tsada. A 1953 wasu masana biyu a Tarayyar Sobiyet, Lyubavskii da Novoshilov, suka nuna cewa za a iya amfani da kabon dayoksaid, wato gas ɗin da ke cikin lemon kwalba, sai waldar ta yi arahar da za a iya yin baƙin ƙarfe da ita. Wajen 1958 da 1959 kuma aka gano yadda za a rage zafinta har ta iya liƙe ƙarfe marar kauri. Wannan na ƙarshe shi ya sa ta dace da salansa. Kaurin bangon bututun salansar ƙaramar mota bai cika wuce milimita 1 da rabi ba, wani ma bai kai ba. In ka sa masa sandar walda ta lantarki, kafin ka ankara ka huda shi. Kabaid yana yi, amma yana ɗaukar lokaci, yana kuma gasa wuri mai faɗi. Shi kuwa MIG, da waya mai kaurin milimita 0.8 ko 0.6, yaro mai wata guda da koyo zai iya jera ɗinki mai kyan gani.

To, a nan fa gizo ke saƙa. Da yake ba mu da rumfa a Magazin, sai muka kafa injin a tsakar gida, gefen da ake shanya, muna turo motoci ƙofar gida muna jawo waya. Cikin 'yan makonni muka yi suna a unguwa, masu pragya da aboboyaa suka fara layi. Baba yakan zauna a kan benci da carbinsa yana kallonmu. Wata rana autanmu ya kai masa wani guntun bututu da ya liƙe, yana alfahari. Baba ya shafa da yatsa, ya juya shi, ya ce, "Injin nan ya fi ku hannu, ya ma fi ni. Amma fa ba shi da kunne." Muka ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ba sa son zamani.

Cikin watan Janairu na 2020 aka sa bikin 'yar ƙanwar Mma a Tamale. Kawunmu, wanda direban tasi ne, shi zai kai su da tsohuwar motarsa mai dogon baya. Ana gobe za a tashi, bayan magariba, sai ga shi ya shigo layinmu motar na ruri kamar tirela. Bututun tsakiya ne ya tsage, daidai ƙarƙashin kujerar baya. Babban yayanmu ya shiga ƙasa da tocila ya ƙwanƙwasa, ya fito ya ce, "Kawu, wannan bututu ya mutu, sai dai a sake shi." Kawu ya ce, "Haba yarona, da wane kuɗin? Shaguna ma sun rufe, ga shi da asuba za mu kama hanya. Ku dai ɗan liƙe mini, in mun dawo sai a yi mai dalili." Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wane ne zai dubi ƙanen mahaifiyarsa ya ce masa a'a?

Muka ɗaga motar, muka kwanta a ƙasa, iskar hunturu na kaɗawa ta ƙarƙashinta. Gefen da muke gani muka liƙe shi tsaf. Gefen sama kuwa tsakaninsa da ƙasan mota bai fi yatsa biyu ba, ido ba ya kaiwa, sai muka cusa bindigar muka danna da ka. Da aka tayar da mota rurin ya mutu. Ɗinkin ƙasa ya fito a jere yana sheƙi, har Kawu ya haska ya ce ko Bature sai haka. Ana cikin haka Baba ya dawo daga sallar isha'i, ya tsaya a kanmu ya ce, "Kun toshe kun saurara?" Dare ya yi, tuwo na hucewa, mun gaji. Muka ce, "E, Baba, mun yi." Alhali kuwa ba mu yi ba. Wannan amsa ita ce abin kunyar da muka ambata tun farko.

Bayan sallar asuba suka tashi su biyar: Kawu, da Mma, da yayarmu mace, da 'ya'yanta biyu, mai shekara 7 da mai shekara 4. Tafiyar ta kusa kilomita 380. Ga sanyi ga ƙura, saboda haka duk gilasan mota a rufe suke. Sun wuce Techiman kaɗan yaran suka fara kukan ciwon kai, aka ce yunwa ce, aka ba su burodi. Can ƙaramin ya yi amai ya kwanta barci, Mma ta ce ai zazzaɓi ne ke son kama shi, ita ma ga kanta na sarawa. Kawu ya faɗa mana daga baya cewa ya riƙa jin idonsa na nauyi, ƙafarsa kamar ba tasa ba, amma ya ɗauka rashin barci ne. Suna dab da Kintampo motar ta fara gangarawa gefen titi, Allah ya ba shi ikon taka birki. Da ya buɗe ƙofa ya fito sai ya zube a kan gwiwoyinsa. Wani direban trotro da ke bayansu, wanda har yau ba mu san sunansa ba, shi ya tsaya ya fito da su, ya kwashe su zuwa asibiti. Allah ya saka masa da alheri.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi tambayar da ta warware lamarin. Ta ce mutum biyar ba sa kamuwa da zazzaɓi a sa'a ɗaya, a mota ɗaya, me ke damun motar? Nan da nan aka sa musu oksijin. Manyan sun farfaɗo a ranar, ƙaramin kuwa sai da ya kwana biyu. Bikin da ba su halarta ba ke nan.

Abin da ya kama su sunansa kabon monoksaid. Gas ne da ke fita daga kowane injin mai ƙona fetur, ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari. Warin da muke ji a hayaƙin mota na wasu abubuwa ne dabam. In mutum ya shaƙe shi sai ya shiga jini ya kama wurin da oksijin ke zama, kuma riƙonsa ya fi na oksijin ƙarfi sau fiye da 200. Sai mutum ya kasance yana numfashi amma jikinsa na shaƙewa. Alamominsa ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci, wato irin abin da kowannenmu zai kira zazzaɓi ko gajiyar hanya. Yara sun fi saurin kamuwa domin numfashinsu ya fi na manya sauri. Ko an fito da mutum sarari, sai ya yi sa'a 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ta bar jininsa, amma da oksijin na asibiti lokacin yakan ragu zuwa kamar sa'a 1 da rabi ko ƙasa da haka. Shi ya sa fifita da yayyafa ruwa ba su isa ba, sai an je asibiti.

Da aka jawo motar zuwa Kumasi, Baba bai bari kowa ya taɓa ta ba. Da raunin idonsa da tarinsa ya sa aka shimfiɗa masa buhu, ya shiga ƙasa. Ya ce a tayar, ya miƙo wa autanmu tsumman nan ya ce ya toshe. Ko kunne ba a bukatar karawa, duk wanda ke wurin ya ji tsakin iska. Muka sauke bututun muka juya shi. Gefen sama akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa da wutarmu ba ta ko taɓa ba, inda ta taɓa kuma ya yi ramuka kamar saƙar zuma, domin iskar hunturu ta kore gas ɗin. Muka ɗaga shimfiɗar ƙasan mota, sai ga ramin tsatsa da hannu zai iya shiga, daidai inda yaran suka sa ƙafa, gefensa ya yi baƙi da hayaƙi. Daɗin daɗawa, tukunyar tace hayaƙi da ke gaba wayam take, an fasa an kwashe cikinta tun kafin Kawu ya sayi motar. Ita wannan tukunya tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, aikinta kuwa shi ne ta juya yawancin gubar ta zama marar illa kafin ta fita. In an kwashe ta, abin da ke bin bututu sai ya ninka dafi.

Baba ya fito ya kakkaɓe rigarsa, ya shige ɗaki. Wuni guda bai yi mana magana ba. Da dare ya kira mu, ya ce, "Aiki kowa na ɓatawa, ni ma na ɓata ba sau ɗaya ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ce wa Masta na gwada alhali ban gwada ba. Ku a ganinku aikin salansa rage ƙara ne? Aikinta ta ɗauki guba daga gaban mota ta kai ta bayan mutum na ƙarshe ta zubar. Ƙarar nan da kuka kashe ita ce ke gaya wa kawunku ya buɗe gilashi." Gaskiya ya faɗa. Da mun bar motar da rurinta, da Kawu ya san ba lafiya. Mu muka rufe mata baki muka bar ramin.

Wata uku injin yana rufe da buhu. Da muka buɗe shi, sai muka koma 'yan koyo a hannun tsohon da muka raina, muka haɗa abin da ya sani da abin da muka tambayo a wurin waɗanda suka riga mu riƙe irin wannan inji a Magazin. Ga abin da muke bi yanzu, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Kafin a kunna wuta, sai an fara sanin ko bututun yana da sauran rai. Mutane da yawa ba su san cewa daga ciki salansa ke ruɓewa ba. Duk litar fetur da mota ta ƙona takan haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. In tafiya doguwa ce zafi zai kore shi, amma motar da ke gajerun zirga-zirga cikin gari takan tara shi a cikin tukunyar salansa, ya zauna yana cin ƙarfe. Saboda haka bututu zai iya yin kyau a waje alhali cikinsa ya zama kamar ganye. Mukan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, inda ya lotsa ko ya yi ƙarar kwali, mu yanke har sai mun tarar da ƙarfe mai lafiya, mu sa sabon guntu. Ba a walda a kan tsatsa. In duk tsawonsa ya tafi, mukan gaya wa mai mota gaskiya, ko da kawunmu ne, ko da zai tafi wurin wani.

Na biyu, abin da ido bai gani ba, hannu ba ya liƙe shi. A jikin mota mukan ɗiga walda ne kawai a wuri uku ko huɗu don bututun ya riƙe zamansa, sa'an nan mu kwance shi mu ɗora a kan tebur, mu riƙa juya shi har mu zagaye. Kafin nan sai an gurje bakin ƙarfen ya yi fari tas, domin yawancin bututun salansa an shafe su da alminiyam don hana tsatsa, kuma wannan shafe yana ɓata ɗinki. Bakunan biyu su haɗu sosai, in akwai giɓi wuta za ta faɗa ciki ta huda. Mukan fara gwada ƙarfin wuta da gudun waya a kan wani guntu mai kauri ɗaya da na aikin. In an daidaita, ƙarar takan yi kamar ana suyar ƙosai. Ba ma jan ɗinki a dogon zango, sai dai gajere gajere, a liƙa nan a koma ɗaya gefen, a bar ƙarfe ya huce. Gas ɗin da ya fi dacewa da ƙarfe marar kauri shi ne haɗin argon da kabon dayoksaid, kamar kashi 80 da kashi 20. Kabon dayoksaid zalla ya fi araha kuma yana yi, sai dai ya fi tartsatsi da saurin huda. Mukan buɗe shi wajen lita 10 a minti, mu kuma kare wurin daga iska da fallen kwano, musamman da hunturu. Akwai wata waya mai hoda a cikinta wadda ba ta bukatar gas, tana jure iska, amma ta fi wuyar sarrafawa a kan siririn bututu, kuma sai an juya wayoyin injin kamar yadda takardarsa ta nuna.

Na uku, a san irin ƙarfen. Motoci da yawa da ke shigowa ta Tema yanzu salansarsu ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ce. Wayar baƙin ƙarfe za ta riƙe shi, amma ɗinkin ne zai fara tsatsa. Akwai wayarsa ta musamman, kuma in za a haɗa shi da baƙin ƙarfe, mai lamba 309L ake nema. A gaya wa mai mota wadda aka sa masa, kada a karɓi kuɗin wannan a sa waccan.

Na huɗu, ita kanta motar. A cire wayar batir ta gefen ragi kafin a fara, domin motocin yanzu suna da kwamfuta. A maƙala wayar at a jikin bututun kusa da inda ake aiki, kada wuta ta bi ta wani wuri tana neman hanya. A duba inda tankin mai da bututun fetur da na birki suke, a kare su da fallen ƙarfe, in kuwa ana jin warin fetur to aiki ya tsaya. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ko wadda aka ɗora a kan bulo, domin bulo yana fashewa ba sallama. A sa ƙafafun ƙarfe, a tokare tayoyi. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara su kasance inda hannu zai kai.

Na biyar shi ne tsumman Baba. A fili ake yi, ba a cikin rufaffen wuri ba, tun salansa ba ta yi zafi ba. A tayar da mota, a toshe bakin na 'yan daƙiƙoƙi. In babu yoyo, injin zai yi nishi kamar zai mutu, tsumman kuma zai riƙa turo hannunka. In akwai, za ka ji tsaki. Mukan shafa ruwan sabulu a kan kowane ɗinki mu ga ko zai yi kumfa, mu leƙa gefen sama da guntun madubi. Bayan haka mu ɗaga shimfiɗar ƙasan mota, mu duba robar ƙofar but, domin hayaƙi yakan lanƙwaso ta baya ya shigo. Ba ma sallamar mota sai mu biyu sun saurara.

Sai kuma zancen gida, wanda Mma ce ta yanke shi da ta dawo. Ta ce ba za a ƙara kunna wutar nan a inda take girki jikokinta na wasa ba. Ta fi mu gaskiya. Hasken walda yana ƙona ido ko daga nesa, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan sa'o'i, cikin dare yaro ya farka yana kuka kamar an zuba masa yashi a ido, uwa ba ta san dalili ba. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Ƙarfen da aka shafe da tutiya yana ba da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da dare. Gwangwanin madarar da masu walda ke sha bayan aiki kuwa ciki yake shiga, ba ya wanke huhu. Haka nan wasu magungunan fesawa na wanke birki, in zafin walda ya taɓa su, suna komawa guba mai kisa, don haka ba a goge wurin walda da su. Ga kuma lantarki: wutarmu a Ghana bolt 230 ce, ƙananan injuna da yawa da 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka kuwa na bolt 120 ne. A karanta jikin inji kafin a jona, kuma kada a ja shi da siririyar wayar da aka yi don fanka, a gidan da iyali goma ke kwana. Yanzu mun kama wani fili a bayan layi, mun kewaye shi da kwano ta gefen da mutane ke wucewa, sama a buɗe.

Muna roƙon direbobinmu da iyayenmu mata masu yawan tafiya biki da suna da ta'aziyya, daga Kumasi zuwa Tamale ko Bawku ko Akra, su riƙe abu ɗaya. In mutum biyu ko uku a mota ɗaya suka fara ciwon kai tare, ko yaro ya yi wani irin barci da ba a saba gani ba, a tsaya nan take, kowa ya fito, a nemi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa daga mota aka fito. Kada a kwanta barci a mota tana kunne, kada kuma a bar ta tana aiki a cikin rufaffen gareji. Samarinmu masu sababbin injuna kuma, ba mu ce ku ajiye ba, sana'a ce mai albarka, mu ma da ita muke ci. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kawu ya yafe mana tun a gadon asibiti, ya ce shi ya matsa. Yayarmu ta fi shi daɗewa, kuma ba mu ga laifinta ba. Ƙaramin yaron ya girma, yana zuwa makarantar boko da ta allo, bai ma tuna abin da ya faru ba. Mma kuwa har yau duk motar da ta shiga sai ta sauke gilashi, ko ana ruwa. Baba yakan zo filin namu da hantsi ya zauna a kan bencinsa, nesa da hayaƙi. Tsumman nasa yana ɗaure a wuyan tukunyar gas, kuma duk motar da za ta fita sai ya ɗaga kai ya yi tambayar nan tasa, mu kuwa mu kwance tsumman mu yi a gabansa.

Allah ya kiyaye mu da ku a kan hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba iyayenmu lafiya. Wassalam.